Ambulan Mai Ruwan Ƙasa

Ran Talata ta faɗo ta ramin ƙofa,
ta kwanta a dandamali tana jirana.
Na daɗe tsaye ina kallonta,
don sunkuyo a wurina aikin yini ne.

Shekara ashirin da shida na yi a Grimsby
ina feɗe kifi a ɗakin ƙanƙara,
wuƙa a dama, kifi a hagu,
tun duhun asuba har fitilun tasha su kama.
Yau yatsun nan sun kanannaɗe kamar saiwar citta.
Murfin kwalba ya fi ƙarfinsu,
maɓallin riga ya zame musu tsauni.

Takardar ta ce: maki sifili.
Ta ce: ta ɗauki jakarta da kanta.
Ta ce: ta tako daga bas zuwa ofis ba ta tsaya ba.
Ta ce: tsaf take, ta yi murmushi.
Ba ta ce Lorna ce ta wanke mini gashi a daren ba.
Ba ta ce kwana uku na yi a gado
ina biyan bashin wannan takun ba.
Murmushin kuwa gadon uwata ne,
ita ta hana ni tarar baƙo da fuska a ɗaure.
Ashe ladabi ma yakan ba da shaida a kanka.

Wata ɗaya suka ba ni in ce ban yarda ba.
Lorna ta zagaye ranar da jan biro
a kalandar da ke jikin firji.

Ƙanena Desmond ya zo da burodi da shawara.
Ya ce: Glenda, ƙwai ba ya ja da dutse.
Dubi Keith na ƙarshen layi,
wata goma sha ɗaya yana jiran a kira shi,
har wandonsa ya daina zama a ƙugu.
Bar musu kayansu, za mu lallaɓa.
Ya faɗi "za mu" yana kallon takalminsa,
shi da ke da bakuna huɗu a gida.

Lorna ba ta ce komai ba.
Ta tura mini kwalbar zuma a kan tebur,
ta ce: buɗe, Mama.
Na murɗa. Na sake murɗawa.
Ta ce: to, wa ya ba wannan sifili?

Ba jiran nake tsoro ba.
Abin da ke hana ni barci
shi ne in zauna gaban baƙi uku masu alƙalami
in lissafa musu abin da ban taɓa gaya wa mijina ba:
yadda nake tashi daga masai,
sau nawa ban kai ba.
In tuɓe mutuncina ɗaya bayan ɗaya
a auna shi a sikeli kamar kifin jiya.

Amma hita awa ɗaya nake kunnawa,
Nuwamba kuwa ba ta san awa ba.
Iskar teku na shigowa ta ƙarƙashin taga
ta nemi gaɓoɓina da sunayensu.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
su kuwa minti arba'in suka leƙa
a ranar da ba a yi ruwa ba.

Daren jiya na naɗe biro da tsumma,
yadda nake naɗe ƙotar wuƙa lokacin ɗari.
Kalma uku: ban yarda ba.
Rubu'in awa suka ci,
sun karkace kamar jiragen da igiyar ruwa ta buga.
Lorna ta ce bari ta sake rubutawa da kyau.
Na ce a'a, bar su haka,
su karanta hannun ma.

Takardar na nan ƙarƙashin kwalbar zuma.
Saura kwana tara.
Ban sayi kan sarki ba tukuna,
amma na tambayi Desmond nawa ne.